Jagorar Zaɓi Tsakanin Sunan Aiki da Sakakken Aikatau a Nahawun Ingilishi

A duk lokacin da aikatau biyu suka biyo juna a jimlar Ingilishi, na farkon ne yake ɗaukar nauyin nuna lokaci da mai aikatawa, na biyun kuwa dole ya sauya kama, kuma siffofin da yakan shiga galibi biyu ne. Ko dai a liƙa masa ɗafa-ƙeyar “-ing”, wato guntun da ake maƙala wa ƙarshen kalma, kamar a “Binta enjoys reading”, ko kuma a ajiye ƙaramar kalmar nan “to” a gabansa, kamar a “Binta wants to read”. Siffa ta farko ita ce masu nahawun Ingilishi suke kira “gerund”, sunan da suka aro daga harshen Latin, kuma a nan za a kira ta sunan aiki, domin aikatau ne da ya tsaya a gurbin suna. Siffa ta biyu ita ce “infinitive”, wadda asalinta a Latin yake nufin abin da ba a yi wa iyaka ba, tun da ba ta nuna wanda ya yi aikin, ko mutum nawa ne, ko kuma yaushe aka yi shi, don haka za a kira ta sakakken aikatau. Wahalar mai koyo ita ce siffofin biyu sun yi kusa a ma'ana amma ba a musanya su yadda aka ga dama, domin “Binta enjoys to read” kuskure ne, haka ma “Binta wants reading”, alhali tunanin da ke cikin jimlolin bai da wani aibi.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan rabo, ko da bai taɓa ba shi suna ba. Yana iya cewa “ina son tafiya”, ya yi amfani da sunan aiki, yana kuma iya cewa “ina so in tafi”, inda aikatau na biyu ya zo da siffar nan ta fata da umarni da ake ji a “ka zo” da “su zauna”. Wanda ya yi karatun nahawun Larabci a zaure ko a makarantar Islamiyya ya san kwatankwacin haka a babin masdari, inda ake bambance masdarin da ya zo kai tsaye da wanda ake fahimta daga harafin “an” haɗe da fi'ili. Kwatancin yana da amfani ƙwarai wajen gane ma'ana, sai dai yana da iyaka guda da ya kamata a sani tun da wuri. Siffar Hausa tana tafe da wakilin sunanta, ana cewa “in tafi”, “ka tafi”, “su tafi”, amma “to go” ta Ingilishi ba ta canzawa ko da wa ake magana, kuma wannan bambancin shi ne tushen jimloli irin su “I want that I go”, waɗanda tunaninsu na Hausa ne, kalmominsu ne kawai na Ingilishi.

Kafin a shiga batun zaɓi, akwai ruɗanin da ɗafa-ƙeyar “-ing” kanta take haifarwa, domin ayyuka biyu take yi. A “Running is good for the heart” kalmar “running” suna ce, ita ce aikau, wato abin da jimlar take magana a kansa, amma a “Audu is running” ɓangare ce ta aikatau a lokaci mai ci, haka kuma a “running water” sifa ce. Tarihin harshen ne ya jawo haka: a tsohon Ingilishi ɗafa-ƙeyar da ke gina suna daga aikatau “-ing” ce ko “-ung”, wadda ke nuna aiki mai ci kuwa “-ende” ce, sai a zamanin Ingilishin tsakiya, wajen 1150 zuwa 1500, biyun suka narke suka zama siffa ɗaya. Wannan ya sa Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban littafinsu na nahawu da maɗaba'ar Jami'ar Kambrij ta fitar a 2002, suka daina raba su, suka ba su suna guda. Ga mai koyo dai rabon yana da sauran amfani, kuma gwajinsa mai sauƙi ne: idan za a iya cire kalmar a sa “it” ko wani suna a gurbinta jimlar ta ci gaba da tsayuwa, to sunan aiki ce. Hausa ma haka take yi da kalma ɗaya, domin “gudu” ɗin da ke cikin “gudu yana da amfani” shi ne dai ke cikin “Audu yana gudu”.

Rubuta siffar ba ya buƙatar dogon bayani. Aikatau mai ƙarewa da “e” da ba a furtawa yana zubar da ita, “write” ya zama “writing”. Mai gaɓa ɗaya da ya ƙare da wasali guda da baƙi guda galibi yana ninka baƙin, “sit” ya zama “sitting”. Mai ƙarewa da “ie” kuma yana mayar da su “y”, “lie” ya zama “lying”. Idan gaɓoɓin sun fi ɗaya, ana ninka baƙin ne in nauyin furuci yana kan gaɓar ƙarshe, shi ya sa ake rubuta “beginning” da “n” biyu amma “opening” da guda. Harafin “l” ne ya fi raba kan Ingila da Amurka, mutanen Ingila suna rubuta “travelling”, na Amurka “traveling”, kuma makarantun Nijeriya da Ghana salon Ingila suka gada.

Ƙa'idar da ta fi kowace ƙarfi a wannan babi ita ce ta ƙananan kalmomin da ke shiga gaban suna su nuna wuri ko lokaci ko dalili, irin su “in”, “on”, “at”, “of”, “for”, “after”, “before”, “without” da “by”, waɗanda ɗaliban Larabci za su gane a matsayin takwarorin haruffan jarri, kuma za a kira su haruffan dangantaka. Duk aikatau da ya biyo bayan ɗayansu kai tsaye sunan aiki yake zama: “after eating”, “without greeting”, “good at drawing”, “tired of waiting”, “by working hard”. Dalilin a fili yake, domin harafin dangantaka suna yake nema, sunan aiki kuwa suna ne. Hausa ta yarda da wannan a “bayan cin abinci” da “ba tare da gaisuwa ba”, amma tana da wasu kalmomi, kamar “kafin” da “maimakon”, da ke karɓar ɗaya siffar, ana cewa “maimakon ya zauna”, kuma daga irin wannan gini ne ake samun “instead of him to sit down” da ake yawan ji a Nijeriya, alhali daidaitaccen Ingilishi “instead of sitting down” yake cewa. Wanda ya fara da Faransanci a Nijar ko Kamaru ko Chadi yana da nasa tarkon, domin Faransanci sakakken aikatau yake sawa bayan yawancin irin waɗannan haruffa, kamar a “sans manger” da “avant de partir”, saboda haka hannunsa yakan so ya rubuta “without to eat”.

Inda wannan ƙa'ida take kayar da waɗanda ma suka yi nisa a karatu shi ne kalmar “to”, saboda fuska biyu gare ta. Wani lokaci alamar sakakken aikatau ce, wani lokaci kuma harafin dangantaka ce mai ma'anar “zuwa” ko “ga”, kuma asalinsu ɗaya ne a tarihi, domin alamar ta samo asali ne daga harafin. A “look forward to”, “object to”, “be used to”, “be accustomed to”, “be committed to”, “confess to” da “with a view to”, harafin dangantaka ce, don haka sunan aiki ne zai biyo ta. Jimlar da ake rufe wasiƙun neman aiki da ita, “I look forward to hearing from you”, tana cikin waɗanda aka fi ɓatawa, ana rubuta “to hear”, kuma abin takaici shi ne a ƙarshen takarda take zuwa, wurin da idon mai karantawa yake tsayawa. Hanyar tantancewa ita ce a gwada sa suna zalla bayan “to” ɗin: ana iya cewa “I look forward to the holiday” da “she objects to the plan”, saboda haka harafin dangantaka ce, ba a iya cewa “I want to the holiday”, saboda haka ta “want to” alamar sakakken aikatau ce. Da wannan gwajin ake raba tagwayen nan masu ruɗarwa, “used to” da “be used to”. “Audu used to walk to school” na nufin a dā Audu yakan taka zuwa makaranta amma yanzu ya bari, “Audu is used to walking to school” kuwa na nufin ya saba da takawar, ba ta damunsa.

Bayan haruffan dangantaka sai aikatau da ke jan wani aikatau a bayansu, kuma a nan ne littattafan makaranta suke cika shafi da jerin kalmomi a ce a haddace. Masu neman sakakken aikatau sun haɗa da “want”, “hope”, “wish”, “plan”, “decide”, “promise”, “agree”, “refuse”, “offer”, “expect”, “learn”, “fail” da “afford”, masu neman sunan aiki kuwa sun haɗa da “enjoy”, “finish”, “avoid”, “mind”, “deny”, “admit”, “keep”, “practise”, “miss”, “postpone”, “consider”, “risk”, “suggest” da “give up”. Wanda ya dubi rukunin farko da kyau zai ga yawancinsu suna kallon gaba ne, buri ne ko niyya ko alkawari game da abin da bai riga ya faru ba, na biyun kuma da yawansu suna magana a kan abin da ake ciki ko aka riga aka yi, domin ba a gama abin da ba a fara ba, ba a kuma musanta laifin da ba a zarga ba. Masanin harshe ɗan Amurka Dwight Bolinger ya yi nuni da wannan a 1968, cewa sakakken aikatau yana karkata ga abin da ake ƙaddarawa, sunan aiki kuma ga abin da ya tabbata. Wannan ya dace da kunnen Bahaushe, wanda yake jin “in tafi” a matsayin abin da ke gaba, “tafiya” kuma a matsayin abin da ke nan da sunansa.

Sai dai karkata ce, ba doka ba ce, kuma malamin da ya koyar da ita kamar doka zai sha kunya a gaban ɗalibi mai lura. “Avoid”, “consider”, “postpone” da “suggest” duk suna magana a kan abin da bai faru ba, amma sunan aiki suke ɗauka. “Manage” kuma, a “she managed to finish”, yana magana a kan abin da ya tabbata, amma sakakken aikatau yake ɗauka. Abin da ya fi dacewa shi ne a riƙi karkatar a matsayin abin dogaro lokacin shakka, a kuma haddace waɗanda suka saɓa mata ɗaya bayan ɗaya, kowanne cikin jimlarsa. A cikinsu “suggest” ne ya fi cancantar kulawa, domin ba ya karɓar sakakken aikatau ta kowace fuska: ana cewa “he suggested leaving early” ko “he suggested that we leave early”, amma “he suggested us to leave” kuskure ne, duk da cewa “he advised us to leave” daidai ne.

Wurin da karkatar take aiki sosai, har ta zama mabuɗin ma'ana, shi ne ƙaramin rukunin aikatau da ke karɓar siffofin biyu amma saƙon ya canza. “They remembered to lock the door” na nufin tunawar ce ta riga kullewar, sun tuna aikin da ke kansu sai suka yi shi, “they remembered locking the door” kuwa na nufin kullewar ce ta riga, daga baya suka tuno da ita. Hausa tana da wannan bambancin daidai wa daida a “sun tuna su kulle ƙofa” da “sun tuna sun kulle ƙofa”, ko da yake idan mutum ɗaya ne, a “ta tuna ta kulle ƙofa”, rubutun boko yana ɓoye shi, sai tsawon wasali da karin sauti ne ke fito da shi a baki. “Forget” haka yake tafiya: wanda ya ce “I forgot to pay” bai biya ba, wanda ya ce “I will never forget paying that money” kuwa ya biya, abin ne ya tsaya masa a rai. “Regret” ma yana bin sahu, domin “I regret saying it” nadama ce a kan maganar da ta riga ta fita, amma “we regret to inform you” buɗe baki ne na takardun hukuma kafin a isar da labari marar daɗi.

“Stop” ya ɗan bambanta da waɗannan, kuma fahimtar dalilin tana hana kuskure. A “the driver stopped drinking tea” sunan aikin karɓau ne, wato abin da aikin ya faɗa wa, shi ne abin da aka bari. A “the driver stopped to drink tea” kuwa “to drink” ba karɓau ba ne, bayanin dalili ne, direban ya tsayar da tafiyarsa domin ya sha. Hausa ta huta da wannan ruɗani saboda aikatau biyu ta tanada, “ya daina shan shayi” da “ya tsaya ya sha shayi”, kuma mai koyo da ya fara tambayar kansa ko dainawa yake nufi ko tsayawa ba zai ɓata ba. Irin wannan fassara ta cikin zuciya tana warware “try” ma, inda “try to open the window” yake nufin a yi ƙoƙarin buɗewa domin wataƙila tagar ta cije, “try opening the window” kuma yake nufin a gwada buɗewa a gani ko zafin ɗakin zai ragu. “He went on talking” ya ci gaba da maganar da yake yi ne, “he went on to talk about prices” kuma ya gama wani batu ya koma kan farashi. “I meant to call” niyya ce, “this job means travelling” kuwa bayani ne na abin da aikin ya ƙunsa. Na ƙarshe a wannan rukuni shi ne “need”, wanda idan sunan aiki ya biyo shi ma'anar takan juye ta zama abin da za a yi wa aikau, kamar a “the car needs washing”, kuma Hausa tana faɗin haka da gini iri ɗaya, “motar tana buƙatar wanki”, ba wanda zai ɗauka motar ce za ta yi wankin.

Akwai kuma waɗanda ke karɓar siffofin biyu ba tare da wani canji da za a damu da shi ba, irin su “begin”, “start” da “continue”, sai dai idan su kansu suna ɗauke da “-ing” ana guje wa jera biyu, a ce “it is starting to rain”. “Like”, “love”, “hate” da “prefer” ma haka suke, illa idan “would” ta shiga gabansu, a nan sakakken aikatau kaɗai ake sawa, domin “would you like to eat?” tayi ne na yanzu, “do you like eating?” kuma tambaya ce a kan ɗabi'a.

Idan mai yin aiki na biyu daban yake da mai yin na farko, Ingilishi yana sa shi a tsakiya a matsayin karɓau, sannan sakakken aikatau ya biyo: “the teacher wants us to read”, “she told him to wait”, “they asked me to come”. Wannan shi ne takwaran “malam yana so mu karanta”, kuma abin lura shi ne wakilin sunan yana zuwa da siffar karɓau, “us”, “him”, “me”. “Allow”, “permit” da “advise” suna tafiya a kan hanyoyi biyu gwargwadon ko an ambaci mutumin: “they do not allow smoking here”, amma “they do not allow visitors to smoke”. Daga nan ake shiga batun sakakken aikatau marar “to”, wanda ke zuwa bayan mataimakan aikatau irin su “can”, “must”, “will”, “should” da “may”, da bayan “had better” da “would rather”, da kuma bayan “make” da “let” idan karɓau ya shiga tsakani. Ingilishin Nijeriya ya yi wani abin mamaki a nan, ya juya ƙa'idar a wurare biyu: yana ƙara “to” inda ba a so, a “he made me to laugh”, yana kuma cire ta inda ake so, a “to enable him travel”, ginin da ya zauna daram a takardun ofis har mutane da yawa ba sa jin sa a matsayin kuskure. A jarrabawar WAEC da NECO da JAMB dai daidaitaccen Ingilishi ake bi, wato “he made me laugh” da “to enable him to travel”. Idan aka juya jimlar “make” ta koma kan wanda aka yi wa aikin, “to” tana dawowa, a ce “I was made to wait”. “Help” kuwa yana karɓar duka biyun, “help me carry it” da “help me to carry it”.

Aikatau na gani da ji, irin su “see”, “hear”, “watch” da “feel”, suna da nasu bambancin mai kyau. “I saw him cross the road” na nufin an ga tsallakawar daga farko har ƙarshe, “I saw him crossing the road” kuwa an hango shi ne yana tsakiyar yi, kamar dai “na ga ya tsallaka titi” da “na gan shi yana tsallaka titi”. Siffar “-ing” a nan ta aiki mai ci ce, ba sunan aiki ba, amma a wuri ɗaya mai koyo yake cin karo da su.

Bayyana dalilin yin abu aikin sakakken aikatau ne, kuma kalmar Hausa “don” takan ja mai koyo zuwa “for”, sai ya rubuta “I went to the market for buying rice” ko ma “for to buy”, alhali “I went to the market to buy rice” ake cewa, ko “in order to buy” in ana son nauyin rubutun hukuma. “For” da sunan aiki an fi ajiye su don faɗin amfanin wani abu, kamar “this knife is for cutting meat”, ko dalilin yabo da zargi, kamar “thank you for coming”. Sifofi da yawa suna jan sakakken aikatau, “easy to learn”, “happy to help”, “ready to go”, haka ma “too” da “enough” a “too tired to work” da “old enough to vote”, da kalmomin tambaya a “how to cook” da “where to sit”. Wasu daskararrun maganganu kuma sunan aiki suke so, “it is no use crying”, “the book is worth reading”, “she is busy cooking”, “I can't help laughing”, “he had difficulty sleeping”, tare da “go” a harkokin motsa jiki da fita, “go swimming” da “go shopping”. A farkon jimla kowace siffa tana iya zama aikau, amma “learning English takes time” ya fi zama a bakin masu harshen fiye da “to learn English takes time”, wanda yake da ƙamshin huɗuba, kuma idan ana son sakakken aikatau akan tura shi baya a fara da “it”, a ce “it takes time to learn English”.

Siffofin biyu suna karɓar korewa da “not” a gabansu, “he decided not to go” da “she regrets not going”, kuma matsayin “not” yana da tasiri, domin “he did not decide to go” bai yanke shawara ba ne, “he decided not to go” kuwa ya yanke ta ƙin tafiya. Suna da siffar wanda aka yi wa aiki, “to be invited” da “being invited”, da ta abin da ya riga ya wuce, “to have seen” da “having seen”.

Batutuwa biyu sun daɗe suna jawo gardama tsakanin masana, kuma sanin su yana hana mai koyo ruɗewa idan littattafai suka saɓa. Na farko shi ne ko a ce “I dislike his coming late” ko “I dislike him coming late”. H. W. Fowler, a ƙamusunsa na amfani da Ingilishi na 1926, ya tsaya kan siffar mallaka, bisa hujjar cewa sunan aiki suna ne, masanin harshe ɗan ƙasar Denmak Otto Jespersen kuma ya ƙalubalance shi da cewa ɗaya ginin ya daɗe a alƙalamin manyan marubuta. A yau duka biyun karɓaɓɓu ne, na mallakar ya fi dacewa da rubutun hukuma da zauren jarrabawa, kuma Bahaushe ba zai ji shi baƙo ba tun da “zuwansa” yake cewa. Na biyu shi ne sa bayanau tsakanin “to” da aikatau, kamar a “to fully understand”, abin da Henry Alford ya soka a littafinsa na 1864 har ya zama dokar makaranta ta tsawon zamani. Manyan littattafan nahawu na yanzu ba sa ɗaukar sa kuskure, kuma a wasu jimloli, kamar “prices are expected to more than double”, babu wani wurin da kalmomin za su koma.

Hanyar da ta fi amfani wajen mallakar duk wannan ita ce a daina koyon aikatau shi kaɗai, a koye shi tare da abin da yake ja a bayansa, a rubuta “avoid doing” da “refuse to do” da “prevent somebody from doing” a littafin kalmomi maimakon “avoid” da “refuse” da “prevent” tsurarsu. Ƙamusun masu koyo an gina su ne a kan wannan tunani, musamman wanda A. S. Hornby ya tsara a shekarun da ya yi yana koyar da Ingilishi a Japan, wanda maɗaba'ar Jami'ar Oksfod ta fitar a 1948 kuma ya zama abokin ɗaliban sakandare a Afirka ta Yamma. A bugunsa na yanzu ana nuna ginin kowane aikatau da gajerun alamu, “doing something” ga mai neman sunan aiki, “to do something” ga mai neman sakakken aikatau, “somebody to do something” ga mai sa karɓau a tsakiya, kuma duba waɗannan alamu ya fi karanta fassarar kalmar muhimmanci ga mai son yin rubutu.

Wajen bitar abin da aka rubuta, ana bin jimlolin ne a ja layi ƙarƙashin duk aikatau na biyu, sannan a dubi kalmar da ke gabansa: in harafin dangantaka ce, “-ing” ya wajaba, in “to” ce, a yi gwajin suna, in aikatau ne, a tuna gininsa ko a buɗe ƙamus, in kuma yana cikin masu sauya ma'ana, a mayar da jimlar Hausa a zuci a ji wanne ake nufi. Abu na ƙarshe da ake dubawa shi ne jeri, domin idan aikatau ɗaya ya ja abubuwa da yawa dole su zo da siffa ɗaya, kuma nisa daga aikatau na farko yakan sa marubuci ya manta da wadda ya fara. “She enjoys reading, sewing and to cook” ta fara daidai ta karkace a ƙarshe, gyaranta “reading, sewing and cooking” ne, haka kuma a “he promised to come early and helping us” alkawarin ya shafi ayyukan biyu, saboda haka “to come early and help us” za a rubuta, “to” ɗin farko ta wadatar wa na biyun.